Wannan Ba Fuskar Baba Ba Ce



Duk wanda ya halarci taron karrama dattawanmu da aka yi kwanakin baya ya ga fostar da aka rataya a bayan babban teburi. Tsayinta ƙafa takwas, faɗinta ƙafa shida, ɗauke da hoton marigayi ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, Allah Ya jiƙansa da rahama. Daga bakin ƙofa abin gwanin sha'awa, har wasu na yaba wa kwamitin shirye-shirye. Sai da babbar 'yarsa ta iso, ta matsa kusa, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta ce da mu a hankali, "Don Allah wa ya ba ku wannan hoton? Wannan ai ba fuskar Baba ba ce."

Gaskiya ta faɗa. Marigayin yana da bille a kumatunsa na hagu, duk wanda ya taɓa zama da shi a rumfar goro ya san da shi. A jikin fostar babu shi. Fata sumul kamar ta saurayi, idanun sun canza, haƙora sun jeru farare tas, alhali bawan Allah ya fi shekara hamsin yana cin goro. Hular tasa ce, babbar rigar ma tasa ce, amma fuskar ta wani mutum ce da ba a taɓa haifa ba.

Da muka bi sawun abin, sai muka ga yadda aka yi. Asalin hoton a wajen wani ɗaurin aure aka ɗauke shi, mutum goma sha biyu a jere. Wanda ya ɗauka ya tura wa wani, shi kuma ya ɗora a sitatus, wani ya gani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, daga nan aka yanko kan marigayin shi kaɗai. Da aka kai maɗaba'a, mai aikin ya faɗa mana ƙarara cewa wannan ba zai fito ba. Taro saura kwana biyu. Sai wani matashi daga cikinmu, da kyakkyawar niyya, ya ce a ba shi minti biyar ya gyara da wata manhaja a wayarsa. Ya kuwa dawo da hoto garau, kowa ya yi murna, babu wanda ya tsaya ya duba ko wane ne a ciki. Saboda haka ba mu ɗora wa mai maɗaba'a laifi ba, ba mu ɗora wa yaron ba. Laifin namu ne gaba ɗaya, domin mutumin da ya yi wa al'ummar nan hidima shekara da shekaru, ba mu ajiye hotonsa ko ɗaya mai kyau ba.

Abin da muke so mu tattauna ke nan. Mun zama mutane masu yawan buga manyan hotuna: biki, suna, saukar karatu, Mauludi, naɗin sarauta, maraba da alhazai, ga kalandar ƙarshen shekara. Kuɗi masu yawa ke tafiya a wannan hanya kowace shekara. Amma mafi yawan abin da muke bugawa dishi-dishi ne, na kwana ɗaya ne, kuma bayan taro babu wanda ya san inda yake ƙarewa. Ra'ayinmu shi ne mu rage yawan bugawa, mu gyara wanda muke bugawa, mu kuma fara ajiye asalin hotunan.

Bari mu fara da dalilin da ya sa hoton da ya yi kyau a waya yake lalacewa a bango, domin da yawa daga cikinmu sun ɗauka mugunta ce ko ganda ta masu bugawa. Kowane hoton waya an gina shi ne da ƙananan ɗigo-ɗigo masu launi, waɗanda ake kira fiksel, kamar yadda zanen hula yake fitowa daga ɗinkin zare ɗaya bayan ɗaya. Yawan ɗigon nan ƙayyadadde ne tun daga lokacin da aka danna kyamara. Wayar da ke ɗaukar megafiksel 12 tana ba da hoto mai ɗigo 4,000 ta gefe ɗaya, 3,000 ta ɗaya gefen. In aka ce a ƙara wa hoton girma, ɗigon ba sa ƙaruwa, baza su ake yi. Daidai yake da ƙara ruwa a kunu: kwano zai cika, kauri ya tafi.

Masu ɗab'i suna auna abin ne da yawan ɗigon da ke cikin kowane inci. Hoton da za a riƙe a hannu, irin na albam, ana so ya kai ɗigo 300 a inci. Da wannan ma'auni, hoton megafiksel 12 zai tsaya ne a wajen inci 13 da inci 10. Amma ba a nan magana ta ƙare ba, domin babban hoto ba a manna masa hanci. Wanda za a rataya a falo ko a ofishin ƙungiya, a kalle shi daga taku biyu ko uku, ɗigo 150 ma sun wadatar. Wannan hoton dai na ɗigo 4,000, in aka buga shi a takardar A3 zai ba da kusan ɗigo 240 a inci, a A2 kusan 170, a A1 kuma kusan 120. Duk za su fito lafiya. Ko a fosta mai ƙafa takwas, wato inci 96, zai ba da ɗigo 40 da 'yan kai, kuma ga wanda ke zaune a kujerun taro nesa da ita, wannan ba laifi. Manyan allunan tallan da muke gani a kan titin Ikorodu ko bakin gadar Third Mainland, in mutum ya hau ya matsa kusa da su, zai ga ɗigon ɓaro-ɓaro. Nisa ne ke rufa musu asiri.

Ashe ke nan wayar da ke aljihun yawancinmu ta isa ta ba da fosta mai kyau. Matsalar tana faruwa ne a hanya, tsakanin wanda ya ɗauka da wanda zai buga.

WhatsApp yana matse hoto kafin ya tura shi, don kada ya cinye wa mutane data, kuma wannan hikima ce ga hirar yau da kullum. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba yakan isa ne da ɗigo kamar 1,600 ta gefensa mai tsawo. A baza wannan a kan inci 96, za a samu ɗigo 17 kacal a inci. In kuma hoton fuskar waya aka ɗauka, abin ya fi muni, domin wayoyi da yawa da ke hannun jama'a faɗin fuskarsu ɗigo 720 ne. Daga cikin wannan ne kuma za a yanko kan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Abin da ya rage bai fi tambarin wasiƙa ba, shi muke so ya cika bango. Wanda aka sauke daga Facebook shi ma an riga an matse shi. A 2023 WhatsApp ya ƙara maɓallin HD, yana kuma taimakawa, amma shi ma yana ɗan matsewa. Hanyar da hoto ke isa yadda yake ita ce a tura shi a matsayin dokumen, wato a danna alamar maƙala fayil a zaɓi "Document" maimakon "Gallery", ko a tura ta imel, ko a ɗauki wayar da ta ɗauki hoton a kai ta maɗaba'a a jona da kwamfuta. In kana so ka gane abin da ke hannunka, duba nauyin fayil ɗin. Asalin hoto yakan kai megabait biyu zuwa biyar. Wanda ka ga kilobait 80 ko 100, ya sha hannu, kada ka ɓata kuɗinka a kansa.

A nan ne manhajojin gyaran hoto suke shigowa, kuma a nan muka fi so a saurare mu. Waɗannan manhajoji ba sa dawo da abin da ya ɓata, don ba su taɓa ganinsa ba. Abin da suke yi shi ne ƙirƙira. An horar da su da ɗimbin fuskokin mutane, sai su dubi dishi-dishin da ka ba su, su yi hasashen irin ido da hanci da fatar da suka fi dacewa da wurin, su zana. Bille, ko kalangu, ko zube, ko duk wata tsagar gado, sau da yawa a wurinsu tabo ne da ya kamata a share. Tabon sallah a goshi ma haka. Wushirya sai a toshe ta. To mu kuwa waɗannan su ne mutumin. Da tsagar nan ake gane wannan Bagobiri ne, wancan daga Borno iyayensa suka taso. Al'adar tsaga tana ƙarewa, 'ya'yanmu ba su da ita, kuma dattawan da ke ɗauke da ita suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. In muka bar manhaja ta goge ta daga hotunansu, jikokinsu za su tashi suna kallon fuskar da ba ta kakansu ba, kuma babu wanda zai rage da zai ce musu ba haka yake ba. Mun gwammace hoto mai ɗan duhu na gaskiya, a buga shi ƙarami daidai ƙarfinsa, a kan ƙaton hoto garau na ƙarya.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan sauƙin gyarawa. Hoton waya yawanci huɗu bisa uku ne, ita kuma fosta ana yanka ta daidai wurin da za a rataya ta. In siffar ba ta zo ɗaya ba, mai sauri sai ya ja hoton ta gefe ɗaya don ya cike gurbi. Shi ya sa za ka ga ango siriri ya koma mai ƙiba, ko kan Alhaji ya yi tsawo kamar tulu. A ce wa mai zanen ya yanke gefen hoton ko ya cike gurbin da launi, amma kada ya ja. Kuma kafin a saki babban aiki, a roƙe shi ya buga ɗan yanki na fuskar a ainihin girman da za ta fito, ko da tafin hannu biyu ne. A nan za a ga gaskiyar kaifin hoton, a kuma ga launi, domin fuskar waya da haske take nuna launi, injin kuma da tawada huɗu yake haɗa shi, shi ya sa shuɗin shadda mai ɗaukar ido yakan fito a dushe, baƙar fata kuma ta ƙara duhu har kamanni su ɓace. Masu aiki a Shomolu, da 'yan uwansu na Mokola a Ibadan, sun san duk wannan sarai. Sai dai wanda aka kawo wa aiki da ƙarfe tara na dare aka ce gobe da safe ake so, ba zai tsaya gwaji ba.

Sai maganar abin da ake bugawa a kai. Kusan komai yanzu a fileks muke bugawa, saboda shi ne mai araha kuma da ƙafa ake lissafinsa. Fileks roba ce, an yi shi don talla a waje, ya jure ruwan sama na ɗan lokaci. Saƙarsa tana da kaushi, ba ya fitar da ƙananan siffofin fuska, kuma rana tana cin launinsa. Mun sha shiga gidajen 'yan uwa mu ga an yanko hoton mahaifi daga fostar taro an manna a bango da ƙusa, duk ya koɗe ya koma ruwan toka. Hoton da ake so ya zauna, a takardar hoto ake buga shi ko a kanbas, a sa shi a firem, a rataya inda rana ba ta dukansa. A garin nan mai laima, a bar 'yar tazara tsakanin hoton da gilashin, in ba haka ba wata rana za a tarar sun manne, kuma ba a raba su sai da ɓarna.

Ina fostocinmu suke zuwa bayan taro? Kowa ya san amsar. A zaga Mile 12 a ga abin da aka rufe kaya da shi, a ga abin da aka yi wa rumfa rufi, a ga abin da aka shimfiɗa ana shanya barkono. Fuskokin mutane ne, wasu na raye wasu sun rasu. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi damunmu shi ne yadda muke cika fostoci da Bisimilla da ayoyin Alƙur'ani da sunayen Allah, sannan bayan kwana biyu a same su a ƙasa ana takawa, ko a cikin kwata. Takardar allo ko tsohon littafi mun san yadda ake yi da su cikin ladabi. Fileks kuwa ba ya ruɓewa in an binne, in an ƙona kuma hayaƙinsa guba ne ga mai shaƙa. Wanda ya faɗa magudanar ruwa yana nan har damina ta zo ya toshe ta, ruwan kuma gidajenmu yake shiga. Muna ganin abin da ya fi shi ne a daina sa aya a fostar taron kwana ɗaya. Sunan taro, rana da wuri sun isa. Masu liƙa fosta a bangon titi da ƙarƙashin gada kuma su tuna jihar nan tana da hukumar LASAA mai kula da alluna da tallace-tallace, kuma tana cire abin da aka kafa ba da izini ba.

Wani abin da ba mu cika tambaya ba shi ne izinin mai hoton. An sha ɗaukar hoton amarya ko na matar aure daga sitatus ɗin ƙawarta a buga shi ƙato a kafa a bakin layi, ita ba ta sani ba, mijinta bai sani ba, sai dai su gani. Mun san gidan da irin wannan ya jawo rigimar da sai da manya suka shiga. Kafin a buga fuskar kowa, a tambaye shi. In ya rasu, a tambayi iyalinsa, a kuma nuna musu abin da za a buga kafin a buga. Da mun yi haka, da 'yar marigayi ta tsayar da mu tun a waya.

Mun san akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, ai fosta abin kwana ɗaya ce, wa zai tsaya ƙirga ɗigo? Ga fostar da ke nuna hanyar wurin biki, mun yarda. Amma a aikace, fostar taron ita ce ke zama hoton ƙarshe da jama'a ke riƙewa. Ita ake ɗauka a waya, ita ke yawo a zaurukan WhatsApp, ita za a sake ciro wa kalandar baɗi, kowane zagaye tana ƙara lalacewa. Akwai kuma 'yan uwanmu da ba sa rataya hoto a gida sam, bisa fahimtar malamansu, kuma muna girmama wannan. Ba muna cewa kowa ya rataya ba ne. Ajiye hoto a fayil daban, kafa shi a bango daban. Su ma ai suna neman hoto in za a yi fasfo ko takardun gado.

Kuma mu da muke zaune a kudu muna da wani dalili na musamman. Zamanmu a nan ba na jiya ba ne. Layin dogo ya isa Kano a 1911, unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta a 1916, kuma tun kafin nan fatake ke saukowa da shanu suna komawa da goro. Iyayenmu sun kafa zango a Agege, sun gina masallatai a Idi-Araba da Obalende, sun yi sarakuna da limamai da shugabannin kasuwa. Duk lokacin da wani ya taso yana mana kallon baƙin da suka sauka daga tirela jiya da daddare, tarihin nan ne amsarmu. Amma tarihin da ba a iya nunawa yana da rauni. Mu tambayi kanmu, a ofishin ƙungiyar nan, hotunan shugabanninmu na baya nawa ne a rataye? Na wasu suna cikin akwatunan matansu, laima na ci. Na wasu sun tafi tare da wayar da aka sace a cikin danfo.

Ga abin da muke ba kwamiti shawara, kuma ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. A duk babban taro a ware mutum ɗaya mai waya mai kyau, aikinsa ke nan. Ya ɗauki kowane dattijo shi kaɗai, daga ƙirji zuwa sama, da kyamarar baya ba ta gaba ba, a inuwa mai haske, rana na gaban mutum ba bayansa ba. Kada ya jawo hoto da yatsu, ya taka ya matsa kusa, domin jawowa a yawancin wayoyi yanke hoton ne kawai. Ya goge gilashin kyamarar da gefen riga kafin ya fara, abin da mutane ke rainawa amma yana canza hoto sosai. A kashe duk wani abin ƙara kyau da ke sumulce fata. A ranar, ba washegari ba, a kwafe hotunan a wuri biyu, filash ɗaya a wurin sakatare, kwafi ɗaya a imel ɗin ƙungiya, a rubuta sunan kowa da garinsu da shekarar. Kuɗin fosta ɗaya da za mu fasa bugawa ya isa ya sayi filash ɗin har a yi canji.

Tsofaffin hotunan takarda kuma, irin na situdiyo baƙi da fari da iyayenmu suka ɗauka da rediyo a gefe ko a kan Vespa, muna roƙon iyaye mata su fito mana da su ranar taron wata mai zuwa. Ba za mu riƙe ba. Za a sa su a na'urar sikana a ɗigo 600, wanda zai mai da hoto mai inci shida da huɗu ya zama mai ɗigo 3,600 da 2,400, a mayar wa kowa nasa a take. Don Allah kada a liƙe su da ledar laminetin kafin a kawo, zafinta yana ɓata hoto kuma ba ta ciruwa. Wanda ya manne da gilashi a kawo shi da gilashinsa, wanda ya manne da ɗan uwansa kada a ɓamɓare. In akwai rubutu ko hatimin situdiyo a bayansa, shi ma za a ɗauka.

Babbar 'yar marigayin ta ce tana da wani hotonsa da ya ɗauka lokacin da zai tafi aikin Hajji, ƙarami ne amma billen ya fito. Ta yi alkawarin kawowa. Da shi za mu fara, a girman A3, a takardar hoto, kuma ba za a buga ba sai ta gani ta ce shi ne.